Talabijin ya faɗo daga bango: hanga ce ko ramin da aka huda?

Jama'a, bidiyon talabijin da ke rikitowa daga bango sun yi yawa kwanan nan, kuma kowa hanga, wato ƙarfen da ake saƙala talabijin a bango, yake ɗora wa laifi. To ga wata hanga da ta faɗo. Ba ta lanƙwashe ba, ba ta karye ba. Ga notinta huɗu, ga robarsu ta fisha, wadda ake cusawa a rami ta riƙe noti, duk sun tsuge tare da garin siminti. Bango ne ya sake su.

Bari mu gama da masu sauƙin tukuna. Ku juya talabijin ɗin, akwai ramuka huɗu a bayansa. Ku auna tazararsu, galibi milimita 200 ko 400, ku sayi hangar da ta dace. Notin baya yawanci M6 ne ko M8, wato mai kaurin milimita 6 ko 8. Ku fara murza shi da hannu, domin in ya yi tsayi zai taɓa kayan ciki. Tsakiyar allo ta zo daidai idon wanda ke zaune a kujera, wajen santimita 105 daga ƙasa. Kada a huda saitin soket, sama ko ƙasa, nan waya ke bi.

Yanzu ga inda ake samun matsala. Kalli bulon nan da muka fasa, mai inci 9. Rami biyu ne a cikinsa. Filastar da ke samansa ba ta riƙe komai, ado ce. Abin da zai ɗauki nauyi shi ne naman bulon.

Saboda haka ku ƙwanƙwasa bangon kafin huda. Inda ya yi amo, rami ne. Inda sautin ya toshe, nan ake so. Ku fara huda ba tare da kunna bugun injin hudar ba, domin bulon da aka cika wa yashi yana rugujewa da bugu, ramin ya faɗaɗa. Bakin huda na milimita 10, robar fisha ta milimita 10, ba ƙari. Zurfin ya ɗara tsawon robar da santimita 1. A fitar da ƙurar tas. Robar ta shiga da ɗan bugun guduma. In ta zurma da yatsa kawai, wannan ramin ya lalace, ku matsa gefe.

Kuma don Allah a daina cusa itace ko tsinken ashana a rami. Da hunturu ya shigo itacen zai bushe ya tsuke, noti ya fara rawa, mai gida bai sani ba.

In duk inda kuka taɓa rami ne, ku nemi fisha mai ƙulluwa a bayan bulo. In kuwa ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, ni dai shawarata a ajiye talabijin a kan teburi.

Hanga mai hannu, wadda ake janyowa, ta fi fizgar notin sama, don haka sai bango mai ƙwari.

An ɗaure, an duba ba karkata? Ku kama hangar da hannu biyu ku ja ƙasa da ƙarfi. In ba ta motsa ba, mutum biyu su ɗaga talabijin su saƙala, sannan a ɗaure ƙananan notin ƙasa da ke hana shi zamewa, musamman a gidan da ke da yara.