Tsuntsun da ya ɓace wa masana shekara 57

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da raɗan da nake yi, jagoranmu ya ce ko tari kada in kuskura. Muna kan duwatsun Mishmi a jihar Arunachal Pradesh, can ƙuryar arewa maso gabashin Indiya, kan hanyar da ta taso daga Roing zuwa Mayodia. Baƙo ba ya shigowa jihar nan sai da takardar izini ta musamman, tawa kuwa sai da na haɗa da addu'a kafin ta fito.

Abin da ya kawo mu wani ɗan tsuntsu ne, tsawonsa kamar santimita 9, bai kai gwara ba. Launin ƙasa ne mai duhu, maƙogwaronsa ja-ja kamar tsatsa, wutsiya 'yar guntuwa. Masana suna ce masa Spelaeornis badeigularis. Ni dai na bi jagora, ina ce masa ɗan Mishmi.

Ku dubi nan ƙasa. Kun ga sarƙaƙiyar nan, gora da ganyaye da gansakuka jiƙe sharkaf? Nan ne gidansa. Ba ya hawa saman bishiya ya yi maka kwalliya kamar tsuntsayen da masu ɗaukar hoto ke so, a'a, rarrafe yake yi kamar ɓera yana tsintar ƙwari.

A 1947 wani Ba'amurke, Dillon Ripley, ya kama guda ɗaya tak a duwatsun nan. Daga nan shiru. Sai a 2004 wasu masu neman tsuntsaye, Ben King da Julian Donahue, suka zo suka kunna kukan wani tsuntsu ɗan'uwansa da aka naɗa a wani wurin, ai kuwa sai ya amsa daga cikin ciyawar bakin hanya. Shekara 57 ana neman sa a littafi, shi kuwa yana nan gefen titi yana harkarsa. Ni a ganina ba ɓata ya yi ba, masu neman ne ba su iso ba, don mutanen Idu Mishmi, 'yan asalin yankin, ba su taɓa barin dajin nan ba.

Kunna kuka a waya fa ba na so. Tsuntsun yana zaton kishiya ce ta shigo masa gida, ya fito a fusace. Mun yi yarjejeniya sau ɗaya kawai za a kunna.

Tsaya... kun ji? Shi ne! Murya ta fi jikin girma nesa ba kusa ba.

To jama'a, na gan shi. Daƙiƙa uku, ya leƙo ya koma. Kyamara kuwa ganye ta kama, shi kansa dishi-dishi ya fito. Ga kuma matsattsaku biyu sun maƙale min a idon sawu tun ɗazu, safa ta jiƙe da jini ban ma sani ba. Bari in ajiye wayar in cire su.