Agogon Babe Ruth na 1923, daga tsohon filin Yankees

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau muna unguwar Bronx a birnin New York, kan titi na 161, in kun ji ƙara a sama jirgi ne lamba 4 ke wucewa, ku yi haƙuri da shi. Wancan ƙaton ginin da kuke hangowa a bayana sabon Yankee Stadium ne, filin ƙungiyar besbol ta Yankees, a 2009 aka buɗe shi, amma ni nan inda nake tsaye ya fi damuna, wannan filin ciyawar da yara ke buga besbol. Nan tsohon filin yake, wanda aka buɗe ran 18 ga Afrilu 1923, aka rushe shi bayan sun koma sabon.

To ga abin da ya kawo ni, bari in matso da wayar kusa da kyamara ku ga hotonsa. Agogon aljihu ne na zinare, kamfanin Gruen na Cincinnati suka yi shi, kuma ku lura ba zagaye yake ba irin wanda muka saba gani, kusurwa biyar gare shi. A bayansa an zana ƴan wasa, ga mai jefa ƙwallo ga mai riƙe da kulki, da rubutun cewa Yankees ne zakarun duniya na 1923. Ba batir a cikinsa, sai ka murɗa ɗan kan nan da yatsa sannan ya yi tafiya. Wannan na Babe Ruth ne, shahararren ɗan wasan besbol na Yankees.

Yanzu duk ƙungiyar da ta ci World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran besbol na shekara, zobe ake ba ƴan wasanta, manya manya da lu'ulu'u wanda ko sa shi a hannu aiki ne. A wancan lokacin abin bai zauna ba tukuna, wasu a ba su lambar maƙalawa a riga, wasu agogo, su Giants ma, wata ƙungiyar New York ta wancan lokacin, a 1922 zobe suka samu, amma Yankees na 1923 agogo aka ba su. Kuma wallahi ni na fi son agogon, abu ne da mutum zai saka a aljihu ya riƙa ciro shi kullum yana duba lokaci.

Abin da ya sa wannan shekarar take da nauyi, ku juyo ku ga can ƙetaren kogin Harlem inda dogayen benayen nan suke. Can Polo Grounds yake a da, filin Giants, kuma Yankees haya suke yi a wurinsu, ga shi a 1921 da 1922 sun haɗu a World Series duka biyun masu gida suka lallasa su, kana zaune a gidan mutum kana biyan haya kuma yana dukanka a gaban jama'a, to sai suka tsallako ruwa suka gina nasu, ranar buɗewa Ruth ya buga ƙwallo ta faɗa cikin ƴan kallo, hom ron kenan, a ƙarshen shekara kuma suka sake haɗuwa da Giants ɗin nan dai suka cinye su wasa 4 da 2. Ruth shi kaɗai hom ron uku ya yi a wannan karon. Kofinsu na farko kenan, yau suna da 27.

Shi Ruth daga Boston Red Sox aka sayo shi a ƙarshen 1919 kan dala 100,000. Ku riƙe wannan kuɗin a ranku, don a watan Fabrairu 2014 Heritage Auctions suka yi gwanjon agogon nan a New York aka saye shi dala 717,000. Agogon aljihunsa ya ninka kuɗin sayensa shi kansa sau bakwai, ko da yake dalar da ba ta yanzu ba ce.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi taɓa ni ba. Agogon ya zauna a hannunsa shekara da shekaru, sai da ciwon daji ya kama shi sannan ya ba wani amininsa kyauta, har aka ƙara rubutu a ciki da sunan abokin. Mutumin da ya san tafiya ta matso, ya ɗauki abin da ya samu a shekarar da ta fi kowacce daɗi a rayuwarsa ta wasa ya miƙa wa aboki. Ya rasu ran 16 ga Agusta 1948 yana da shekara 53, kuma a nan ɗin nan aka ajiye gawarsa, mutane dubbai suka yi layi suna wucewa suna masa ban kwana.

Mu tsallaka gadar Macombs Dam in nuna muku inda Polo Grounds ɗin yake, tafiyar ƙafa ce ba nisa.