Ramukan da aka huda a karkace, da hannun jarin da ya faɗi

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Injiniya ne ya zo mana da magana, Barista kuma tun a bakin ƙofa ya ce sai ya yi masa gardama. Injiniya, bismillah.

Injiniya: Maganar kamfanin Spirit AeroSystems ce, wanda ke Wichita a jihar Kansas ta Amurka. Shi ne ya riƙa ƙera gangar jikin jirgin Boeing 737, a loda ta a jirgin ƙasa zuwa masana'antar Boeing da ke Renton. Asalinsa ma reshen Boeing ne, a 2005 aka sayar da shi. To, a watan Afrilun 2023 sai aka bayyana cewa wasu ƙarafan da ke riƙe wutsiyar jirgin ba a ɗaura su yadda ya kamata ba. Rana guda hannun jarin kamfanin ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari. A watan Agusta kuma aka gano ramukan ƙusa da aka huda a karkace a bangon baya na jirgin, bangon da ke tare iskar ɗakin fasinja.

Hajiya: Ba shi ne jirgin da ƙofarsa ta fice a sararin sama ba?

Injiniya: Wannan daga baya ne, Hajiya, 5 ga Janairun 2024, jirgin Alaska Airlines da ya tashi daga Portland. Spirit ne ya ƙera murfin da ke toshe gurbin ƙofar, amma a masana'antar Boeing aka buɗe shi don wani gyara, aka mayar babu ƙusoshi huɗu da ke riƙe shi.

Barista: Akwai kuma ƙarar da aka kai Spirit, wadda ta riga wannan, tun 2023 masu hannun jari suka shigar da ita a kotun tarayya a New York. Ga gardamar tawa, Injiniya: ramukanka ba su ne shari'ar ba. Kuskuren aiki ba zamba ba ne. Abin da masu ƙara ke zargi shi ne, manyan kamfanin sun san da ɓarakar, amma suna ta shaida wa kasuwa cewa ingancin kaya lafiya lau, har mutane suka saya da tsada.

Hajiya: Wato dillalin da ya san saniya na ciwo, ya rantse maka garau take.

Barista: Haka ne, sai dai a kotun Amurka sai ka nuna dillalin ya sani, ko ya rufe ido da gangan. Dokar hannun jari ta 1934 ake kafa hujja da ita, sannan wata ta 1995 ta ƙara tsauri: tun a takardar ƙara sai ka kawo bayanai masu ƙarfi kan niyyar yaudara, tun ba ka ga takardun kamfani ba. Spirit ɗin nan ya taɓa tsallake wata ƙarar masu hannun jari a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, a kan wannan gaɓar.

Injiniya: Shi ya sa lauyoyi suka bi tsofaffin ma'aikata. Akwai mai binciken inganci da ya ce tun 2022 ya kai rahoton ramukan nan, aka sallame shi a Afrilun 2023. Ni nan abin ya fi ci mini rai.

Hajiya: To idan masu ƙara suka yi nasara, wa zai biya? Manyan ne daga aljihunsu?

Barista: Da wuya. Galibin irin wannan ƙara sulhu ake yi, ba wanda ya amsa laifi, kamfani da inshora su biya, lauyoyi su cire kasonsu.

Hajiya: Kai! Kenan kuɗin masu hannun jarin yau ake ɗiba a biya na jiya.

Barista: Kin gano bakin zaren.

Injiniya: Shugaban kamfanin dai ya sauka a Oktoban 2023. A Yulin 2024 kuma Boeing ya amince ya sake sayen Spirit a kan dala biliyan 4.7, reshen da ya sayar shekara 19 kafin nan.

Hajiya: Barista, ka riƙe mana maganar kason lauyoyin nan, mako mai zuwa da ita za mu fara. Kada ka ce kana kotu.