Ƙwayoyin da ke cin ɗanyen mai a teku mai sanyi

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Malam Sani, tun jiya nake cewa ban yarda ba. Wai akwai halittar da ɗanyen mai ne tuwonta?

Malam Sani: Ba wai ba ne, Hadiza. Ƙwayoyin bakteriya ne. Tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai ko ɗaya, mai yana tsattsafowa daga ƙasan teku, to wasunsu sun saba da shi. Akwai Alcanivorax, akwai Oleispira antarctica da aka gano a ruwan Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya.

Bashir: Amma Malam, sanyin fa? Ko man ja, in hunturu ya kankama, daskarewa yake a galan sai an kai shi rana.

Malam Sani: Nan gizo ke saƙar. Ɗanyen mai ma haka yake yi, ya yi kauri ya dunƙule. Su kuwa ƙwayoyin daga baki-baki suke ci, inda mai ya haɗu da ruwa. Shi ya sa wasunsu ke fitar da wani abu mai aiki irin na sabulu, ya farfasa man ya koma ƙananan ɗigo. Sai su sa iskar oksijin su narkar da shi.

Hadiza: To an taɓa ganin haka da gaske?

Malam Sani: An gani. Ranar 24 ga Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya daki dutse a mashigin ruwan Prince William da ke Alaska, jihar Amurka mai tsananin sanyi. Galan kusan miliyan 11 ya malale. Ƙwayoyin suna nan, sai dai cinsu ya yi sanyi. Ka san me masana suka watsa a gaɓar? Taki.

Bashir: Taki? Irin namu na gona?

Malam Sani: Ɗan uwansa, mai naitirojin da fosfaras. Mai kamar tuwo ne ba miya. Ruwan ba shi da isasshen waɗannan sinadarai. Da aka zuba, aikin ya ƙara sauri.

Hadiza: Ke nan magana ta ƙare, a bar musu shara.

Malam Sani: Kul! Sun fi saurin cinye sassan man marasa nauyi. Mai kama da kwalta kuwa sai ya daɗe. Sannan wanda ya shige ƙarƙashin tsakuwa, inda iska ba ta kai wa, ba su iya yi masa komai sosai. A 2001 masu bincike na gwamnatin Amurka sun koma gaɓar suna tona ramuka, suka tarar da mai kwance, shekara 12 bayan hatsarin.

Bashir: Subhanallahi. Har da warinsa?

Malam Sani: Da warinsa, Bashir. Kana tonawa ruwan ramin yana yin ƙyalli.