Yadda Ake Ɗora Kayak a Kan Kariyar A-kori-kura a Ɗaure Shi Ya Zauna Daram

Jama'a barkanmu da warhaka. Ga a-kori-kura a tsaye, ga kayak a ƙasa kusa da ita. Kayak shi ne siririn kwalekwalen nan da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Wannan da kuke gani tsawonsa mita 3.6 ne, nauyinsa kilo 22. Mutum ɗaya ma zai ɗaga shi, shi ya sa ake raina ɗaurinsa, a jefa masa igiya ɗaya a kama hanya. To a kan titi iska ce abin tsoro. Idan ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin iskar da ke dukan kayak ninkawa yake yi sau huɗu. Wanda ke gudun kilomita 120 a awa, iskar da ke neman ɗaga hancin kayak ɗinsa ta ninka ta mai gudun 60 har sau huɗu. Duk abin da za mu nuna yau, da wannan iskar muke kokawa.

Me ya sa ba za a zura shi a bodi kawai ba? Bodin a-kori-kura mai ƙofa huɗu yakan kai mita 1.5 zuwa 1.7, mafi tsawo kuma wajen mita 2.4. Ɗan gajeren kayak mai mita 3 zai iya kwanciya a ciki idan an sauke ƙofar baya. Wanda ya haura mita 4 kuwa, babban sashensa zai rataye a waje yana lilo. Wannan sai sama.

Kafin a sayi kariya, wato sandunan da ake kafawa a saman mota don ɗora kaya, zo mu leƙa tsakanin gidan direba da bodi. Kun ga wannan tsagar? A mota irin su Toyota Hilux da Ford Ranger, gidan direba daban yake, bodi daban, kowanne zaune yake a kan shasi, wato ƙarafan ƙasa da ke ɗauke da motar, da nasa kusoshin. Idan taya ɗaya ta faɗa rami, shasin yakan ɗan murɗe, gidan direba ya karkata hagu, bodi ya karkata dama. Kai da ke ciki ba za ka ji ba. Amma in ka kafa sanda ɗaya a rufin gidan direba, ɗayar a kan bodi, ka ɗaure kayak tamau a kansu, to murɗewar nan a jikin kayak take ƙarewa. Na roba zai jure, yana da ɗan laushi. Na faiba kuwa, a hankali tsaga za ta fara fitowa daidai inda bel ya bi. Motocin da aka ƙera jikinsu a haɗe, kamar Honda Ridgeline da Ford Maverick, ba su da wannan matsalar sosai.

Saboda haka abin da ya fi kyau shi ne sanduna biyun su zauna a jiki ɗaya. Ko dai duka a rufin gidan direba, ko duka a kan bodi. Kariyar bodi mai dogayen ƙafafu huɗu, irin wadda ake ɗaukar tsani da ita, ita ce ta fi dacewa da dogon kayak, domin tazarar sandunanta ta fi faɗi. Sai dai a tabbata sandunan sun ɗara rufin gidan direba da aƙalla santimita 8 zuwa 10, don kada kayak ya riƙa dukan rufin a gargada. Idan kuma dole ce ta sa aka raba, ɗaya a gaba ɗaya a baya, to a sa mazauni mai roba mai kauri a ƙarƙashin kayak, kuma kada a matse bel ɗin baya kamar na gaba, a bar masa ɗan wurin numfashi.

Tazara tsakanin sandunan kada ta gaza santimita 60, kuma gwargwadon tsawon kayak gwargwadon tazarar da yake so. Sanduna masu kusanci da juna suna mayar da dogon kayak kamar lilon yara: gaba ya ɗaga, baya ya sauka.

Sai maganar nauyi. Kowace kariya tana da iyakar abin da za ta ɗauka yayin da mota ke tafiya, kuma rufin motar ma yana da tasa iyakar a littafin mota. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikin biyun ita ce taka. Yawancin kariyoyin rufi suna tsayawa ne wajen kilo 75, kuma nauyin kariyar kanta da mazaunan da aka ɗaura mata suna cikin lissafin. Kayak na kamun kifi ɗaya yakan kai kilo 35 zuwa 45. Biyu irinsa sun riga sun ƙure rufi, sai dai kariyar bodi.

Yaya kayak zai kwanta? Idan sanduna ne tsirara, a naɗe su da soso, a kife kayak, bakinsa ƙasa cikinsa sama. Gefunan bakin sun fi cikin ƙarfi, kuma ruwan sama ba zai taru ba. Idan kana da mazauni mai kama da sirdi, sai ya zauna a kan cikinsa kamar yadda yake a ruwa. Akwai kuma mazauni mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda ke riƙe kayak a karkace a kan gefensa. Shi ne maganin mai kayak biyu, domin kowanne zai ci rabin sanda kawai. Aibinsa shi ne tsayi, da kuma iskar gefe. Duk lokacin da babbar mota ta gifta ka, za ka ji sitiyari ya amsa.

Yanzu ɗorawa. Da farko a kwashe duk abin da ba a manne yake ba: filafili, kujera, sandar kamun kifi, rigar ruwa. A rufe murafan ajiya a danna su sosai, domin iska tana son murfi. A kuma shimfiɗa bel biyun a kan sanduna tun kafin kayak ya hau, ya fi sauƙi a kan jefa su daga baya.

Mutum biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wutsiya, su ɗaga da gwiwa, bayansu a miƙe. In kai kaɗai ne, ga dabara. Shimfiɗa tawul mai kauri a kan sandar baya, wani kuma a ƙasa inda wutsiyar za ta tsaya don kada ta zame. Ɗaga hancin ka jingina shi a kan sandar. Koma baya, kama wutsiyar, ka ɗaga kana turawa gaba. Ta haka ba ka taɓa ɗaukar dukan nauyin a lokaci ɗaya ba. A-kori-kura tana da wani alheri a nan: ka hau bodi ka tsaya, sai ka gyara zaman kayak da hannu biyu ba tare da tsani ba. Wurin zaman matuƙi, inda kayak ya fi faɗi, shi ne zai faɗo tsakanin sanduna biyu. Koma gaban mota ka duba, hancin ya kalli gaba sak. Ɗan karkata kaɗan ya isa iska ta sami abin turawa.

To ga inda aka fi yin kuskure, wato bel. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɗan maƙalli mai haƙora, wanda kake ja da ƙarfin hannunka kawai ya cije. Akwai kuma mai hannun ƙarfe da ake ta bugawa ƙaƙas-ƙaƙas yana ƙara matsewa. Na farkon ake so, mai faɗin santimita 2.5, tsawon mita 4 zuwa 4.5. Na biyun an yi shi ne don katako da injuna. Ba ya barin hannunka ya ji lokacin da matsi ya isa, sai ka ƙara bugu biyu, cikin kayak ya lotsa. Idan rana ta gasa robar na tsawon awanni a haka, lotsawar tana iya zama dindindin, kayak ya daina tafiya a miƙe a ruwa. Igiyar roba mai ƙugiya kuwa, kada ma ta zo kusa. Abin da ke miƙewa ba ya riƙe kaya.

Kalli yadda bel ke bi. Ya zagayo ƙarƙashin sanda ta can gefen, bakinsa biyu su haye saman kayak a jere ba tare da sun haɗe ba, sannan baki ɗaya ya zagayo ƙarƙashin sandar ta wannan gefen ya shiga maƙalli. Lura da abu biyu. Bel ya zagaya sanda ta cikin ƙafar kariya, domin in ta waje ya bi, zai iya sulɓewa ta ƙarshen sanda. Na biyu, ya sauko a manne da jikin kayak. Idan ya buɗe kamar tanti, kayak zai riƙa zamewa hagu da dama a ƙarƙashinsa. Maƙallin ya tsaya a gefen kayak, sama kaɗan, yadda za ka ja ƙasa da nauyin jikinka, da ɗan soso a bayansa don kada ya karce fenti. Ja har ya kama. In ka ga jikin kayak ya fara shiga ciki, ka wuce gona da iri, sassauta.

Ragowar bel ɗin, ƙulla shi sau biyu a gindin maƙalli, sannan ka naɗe sauran a sanda. Ƙullin nan shi ne mai ceto ranar da haƙoran maƙalli suka saki. Idan kuma ka taɓa jin wani gurnani daga rufi da zarar mota ta ɗau gudu, bel ne ke kaɗawa a inda bai taɓa komai ba. Murɗa shi sau ɗaya a wannan wurin, ƙarar za ta ɗauke.

Yanzu kama hancin kayak ka girgiza. Motar ce za ta motsa gaba ɗaya. Idan kayak ya motsa shi kaɗai, a sake ɗauri.

Bel biyun nan sun haɗa kayak da kariya ne kawai. Idan kariyar ce ta tsinke daga mota fa? Wannan shi ne aikin igiyar gaba da ta baya, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa don ganin tafiyar gajeriya ce. Kada a tsallake su. Igiyar gaba ta taso daga hannun ɗaukar kayak zuwa ƙugiyar jan mota da ke ƙarƙashin bamba. In babu ƙugiya, ana sayar da 'yan madaukai da ake ɗaurawa a kusoshin cikin bonet su leƙo waje. Kada a ɗaura a jikin bamban roba, zai ɓalle. Ta baya ta sauka zuwa maƙalar jan tirela ko zoben ƙarfe na cikin bodi, nesa da salansa, domin zafinsa yana narka igiya. Waɗannan igiyoyi a cire musu sako-sako kawai, kada a ja su da ƙarfi. In ka matse gaba da baya, lanƙwasa kayak kake yi kamar baka. Kuma ragowar igiyar gaba a ɗaure ta sosai. Igiyar da ta kwance ta shiga ƙarƙashin taya za ta fizgo hancin kayak ƙasa da dukan ƙarfin motar, ta karya shi ko ta lotsa rufi.

Ramukan da ke cikin kayak irin wanda ake zama a samansa, na fitar ruwa ne. Kada a zura bel a ciki a ja, nan ne robar ta fi saurin tsagewa. Wayar kwaɗo ta hana sata za ta iya bi ta ciki, tunda ba matse ta ake yi ba.

Ruwan sama ma nauyi ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kayak da ke zaune bakinsa sama zai iya tara lita 20 ko 30 a ruwa mai ƙarfi, kuma duk taka birki ruwan zai ruga gaba. A rufe bakin da murfinsa a ɗaure murfin, ko a kife kayak.

Idan wutsiyar ta zarce bayan mota, a rataya mata jan ƙyalle. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A yawancin jihohin Amurka, kayan da ya zarce da ƙafa 4, wato wajen mita 1.2, dole ne a sa masa jan tuta, da dare kuma jar fitila. Duba dokar inda kake.

Ɗauko tef ka auna daga ƙasa zuwa ƙololuwar kayak. Motar kanta wajen mita 1.8 zuwa 1.9 take, da kariya da kayak a karkace za ta iya kusantar mita 3, alhali ƙofofin gareji da yawa mita 2.1 ne. Rubuta adadin a takarda ka manna a dashbod inda idonka zai riƙa faɗawa. Bayan doguwar tafiya, mutum yakan manta da abin da ke samansa daidai lokacin da ya iso ƙofar gida.

Bayan minti 15 da tashi, sami wuri ka tsaya. Kayak ya gama zama a mazauninsa, bel ya ɗan saki, musamman na nailan idan ya jiƙe. Ja kowanne, taɓa igiyoyi, girgiza ƙafafun kariya, in noti ya saki ka sa sifana. Daga nan sai duk inda ka tsaya shan mai. A kan hanya kuma hancin kayak yana gabanka ta saman gilashi, ka sa masa ido: in igiyar gaba ta fara rawa ko hancin ya kauce daga tsakiya, rage gudu a hankali ka sauka gefen titi, kada ka taka birki da ƙarfi.

In an isa, a fara kwance igiyar gaba da ta baya, sannan bel ɗin baya, na gaba a ƙarshe, hannu ɗaya yana kan kayak idan ana iska. In motar za ta daɗe a rana kafin a sauke shi, a sassauta bel ɗin, a kuma ɗaura wani ƙyalle a sitiyari don tuna cewa sai an sake matsewa kafin a tayar da mota.