Faifan kilawud da randar da take ƙarewa ba sallama

To Assalamu alaikum, na baya kuna jina ko? Yauwa. Abu uku nake so mu taɓa yau kan yadda ake sa wa faifan ajiya na kilawud iyakar gudu, wato wannan diskin da kake haya ka maƙala wa sabarka, kwamfutar da ke gudanar da shafinka ko manhajarka.

Na farko dai, me ya sa ma ake sa iyakar? Ku ɗauki gidan haya mai famfo ɗaya, kowa na jira da bokitinsa sai wani ya zo da jarka ashirin ya tare bakin famfon, haka abin yake, faifan naka da na wasu mutum ɗari duk a kan injina ɗaya suke zaune, in ba a ce wa kowa ga rabonka ba mutum ɗaya zai shanye komai. Awon kuma iri biyu ne. Akwai IOPS, wato sau nawa faifan zai karanta ko ya rubuta a daƙiƙa ɗaya, akwai kuma yawan megabait ɗin da ke wucewa a daƙiƙar. Databes, wato rumbun bayanai, IOPS take ci, bidiyo da bakof, wato kwafin ajiya na ko-ta-kwana, kuwa megabait suke ci.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunne, don wannan abin ya hana mutane da yawa barci. A AWS, wato kilawud ɗin kamfanin Amazon, akwai faifan da ake kira gp2, kowane gigabait ɗaya ana ba ka IOPS 3, to in ka ɗauki na giga 100 rabonka 300 ne kacal. 300 fa! Sai dai sun ajiye maka randa cike da kiredit miliyan 5.4, kowane kiredit karatu ko rubutu ɗaya ne, muddin da saura a ciki za ka iya gudun IOPS 3,000. Wa ke da kalkuleta a waya? Kana kwasar 3,000 ana zuba maka 300, kenan kowace daƙiƙa 2,700 na fita, raba miliyan 5.4 da 2,700. Nawa ka samu Malam? 2,000, daƙiƙa 2,000, minti talatin da uku da 'yan kai, shikenan randa ta ga ƙasa. Daga nan ka faɗo 300, ba sallama ba komai. Kuma kafin ta sake cika, ko da ba a taɓa faifan ba sam, awa biyar ne cur.

Na ga wannan da idona a wani wurin da na yi wa aiki. Ranar da aka buɗe rajista, ƙarfe takwas komai na tafiya sumul, kafin tara shafi ya ƙi buɗuwa, aka zargi netwok, aka ƙara RAM, aka kashe saba aka kunna har sau biyu. Sai da muka buɗe CloudWatch, shafin sa ido na AWS, muka duba BurstBalance, wato awon abin da ya rage a randar, layin ya gangaro kamar tudu ya kwanta a sifili. Abin da ya fi min ciwo shi ne an yi gwaji kafin ranar, amma na minti goma aka yi, randa a cike, kowa ya tafa. Don Allah in za ku gwada da fio, manhajar gwajin gudun faifai, ku bar shi ya wuce awa ɗaya. Na sake faɗa, ya wuce awa ɗaya.

Na biyu, ko na uku ne ma, lokaci na tafiya, faifan gp3 da AWS suka fito da shi a Disamba 2020 ya raba girma da gudu, ko ƙaramin faifai ne kana da IOPS 3,000 da megabait 125 a daƙiƙa a tsaye, in kana son ƙari ka biya. Ku tuna ita ma sabar tana da tata iyakar, ka sayi babban famfo ka haɗa shi da siririn tiyo ai ruwan tiyo za ka samu.

Na'am Hajiya? Ta ce su OpenStack, manhajar kafa kilawud na kanka, suke gudanarwa da kansu, ya za su yi. Madalla. A Cinder, sashen OpenStack mai kula da faifai, za ku ƙirƙiri QoS, wato dokar iyakar gudu, ku sa total_iops_sec na IOPS da total_bytes_sec na yawan bait a daƙiƙa, ko ku raba karatu da rubutu, sai ku ɗaura shi a kan nau'in faifan, ba a kan faifai ɗaya-ɗaya ba. Wurin consumer, wato ɓangaren da zai aiwatar da dokar, in kun zaɓi front-end, QEMU, manhajar da ke gudanar da sabar, shi ne zai riƙe linzamin a kan injin da sabar ke zaune, back-end kuma ma'ajiyar faifan ce za ta riƙe, sai in taku ta iya. Ga tarkon: faifan da yake maƙale tun da, ba zai ji sabuwar dokar ba sai kun cire shi kun sake maƙalawa, don haka kar ku canza lamba ku ce ba ta aiki. Nawa za ku sa? Ku bar iostat, manhajar auna aikin faifai, ya yi mako guda yana auna muku tukuna, har da ranar biyan albashi Hajiya, sannan ku yanke. An kira sallah ko? To mu tashi, wanda bai gama ba ya same ni a bakin ƙofa.