Reyuniyon: Tsibirin da Wuta Ta Gina, Ruwa Yake Sassaƙawa

Masu kallo, idan aka bar gaɓar Madagaska aka nausa gabas cikin Tekun Indiya kimanin kilomita 700, za a iske wani tsibiri da ake kira Reyuniyon, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2,500 da 'yar ɗoriya ba. Mutanen da ke zaune a kansa sun haura 800,000, babban birninsa Saint-Denis ne, kuma tun shekarar 1946 yake a matsayin cikakken yanki na ƙasar Faransa, duk da dubban kilomitocin da ke tsakaninsa da Turai. Duk wanda ya ji labarin tsibirin, abin da ke fara zo masa a rai shi ne dutsensa mai aman wuta, wanda yake cikin waɗanda suka fi yawan tashi a duniya. Amma idan aka bi yanayin wurin a tsanake, za a ga cewa ruwan sama ya fi wutar iko da rayuwar mutanensa, domin shi ne yake yanke inda za a yi gida, da inda za a shimfiɗa hanya, da abin da za a shuka.

Asalin tsibirin yana can ƙarƙashin teku. A wannan yanki akwai wani wuri a cikin ƙasa inda zafi ke tasowa daga zurfi mai nisa, yana narkar da duwatsu, narkakken dutsen kuma yana huda ɓawon ƙasa ya fito. Shi wannan wuri kusan a tsaye yake, ɓawon ƙasar da ke samansa ne yake tafiya sannu a hankali, shi ya sa ya bar jerin alamu a bayansa. Masana ilimin ƙasa suna danganta shi da gagarumin aman wutar da ya shimfiɗa tudun Deccan a Indiya kimanin shekaru miliyan 66 da suka shuɗe, kuma shi ne ya haifi tsibirin Morishus da ke maƙwabtaka, kafin ya zo kan Reyuniyon. Narkakken dutse ya yi ta taruwa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, daga ƙasan teku mai zurfin kusan mita 4,000, har ya leƙo saman ruwa shekaru miliyan 2 zuwa 3 da suka wuce. Abin da ido yake gani a yau ƙoƙon kan wani ƙaton dutse ne kawai, wanda tsayinsa daga gindi zuwa ƙololuwa ya kai kusan kilomita 7, gindin nasa kuma ya fi kilomita 200 a faɗi.

Duwatsu biyu ne suka haɗu suka yi tsibirin. Na arewa maso yamma, Piton des Neiges, shi ne tsohon, tsayinsa kusan mita 3,070, kuma ya yi shiru tun dubban shekaru. Na kudu maso gabas, Piton de la Fournaise, tsayinsa mita 2,632, shi ne mai rai, kuma akwai shekarun da yakan tashi fiye da sau ɗaya. Narkakken dutsensa mai ruwa-ruwa ne, iskar da ke cikinsa tana samun hanyar fita cikin sauƙi, don haka ba kasafai yake fashewa da ƙarfin da ke hallaka gari ba. Yakan tsage ne ta gefe, ya yi feshin wuta sama, sannan ya malala. Wani abin da ya ƙara sauƙaƙa lamarin shi ne cewa dutsen yana zaune cikin wani makeken kwari da ganuwar dutse ta kewaye ta ɓangarori uku, bakinsa a buɗe ta wajen teku, kuma ba kowa ke zaune a ciki. Mafi yawan malalar a cikin wannan kwari take ƙarewa. Idan ta yi ƙarfi takan gangara ta tsallake babbar hanyar da ta zagaye tsibirin ta faɗa teku, tururi ya turnuƙe sama, a jira ta huce, a sake shimfiɗa kwalta a kan baƙin dutsen. Bayan 'yan shekaru sai a ga wani farin gansakuka ya lulluɓe shi, daga baya ƙananan tsirrai su fara leƙowa daga tsagoginsa.

Ba kullum wutar take tsayawa cikin iyakarta ba. A shekarar 1977 ta ɓullo a wajen ganuwar, ta shiga ƙauyen Piton Sainte-Rose, ta ci gidaje, ta kai har ƙofar cocin garin. Wannan ne ya sa aka kafa cibiyar sa ido a kan dutsen a 1979, wadda na'urorinta ke auna girgizar ƙasa da kumburin dutsen dare da rana, ta yadda sau da yawa ake sanin zai tashi kafin ya tashi. A watan Afrilun 2007 kuma ya yi wani aman da ba a ga irinsa ba cikin shekaru masu yawa, har cikin dutsen ya rarake, bakin ƙololuwarsa ya rufta ƙasa da zurfin fiye da mita 300.

Sai dai a wannan shekara ta 2007, wata biyu kafin wutar, ruwa ya riga ya nuna nasa ƙarfin, kuma kafin a fahimci abin da ya faru dole a san yadda iska take bi da tsibirin. Reyuniyon yana kudu da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, inda iska ke kaɗowa daga gabas da kudu maso gabas kusan duk shekara, bayan ta ratsa dubban kilomitoci a kan teku mai ɗumi tana kwasar tururi. Da ta iso tsibirin sai ta ci karo da bango mai tsayin kilomita 3, ba ta da mafita sai hawa. Iska kuwa idan ta hau sama sanyi take yi, kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururin da mai ɗumi ke riƙewa. Nan take tururin zai zama gajimare, gajimaren ya zama ruwa, dutsen ya matse iskar kamar yadda ake matse jiƙaƙƙen zane. A wasu tuddan gabas, ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 10,000, wato mita 10 cur. Iskar da ta tsallaka zuwa yamma kuwa ta riga ta zubar da kayanta, kuma tana gangarowa tana ƙara ɗumi da bushewa, shi ya sa wasu wuraren gaɓar yamma ba sa samun fiye da milimita 500 zuwa 600 a shekara. A gabas kurmi ne mai duhu da magangarun ruwa ta ko'ina, a yamma busasshiyar ciyawa ce da rana mai ƙuna, alhali tsakanin gaɓar nan da waccan tafiyar 'yan kilomitoci 50 ce a miƙe.

Shekara ta kasu gida biyu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin zafi ne da damina, daga Mayu zuwa Oktoba kuma lokacin sanyi ne da ƙarancin ruwa. A cikin damina, musamman daga Janairu zuwa Maris, mahaukaciyar guguwar teku takan biyo ta kusa, kuma idan ta haɗu da waɗannan duwatsu sai a ga ruwan da hankali ke wuyar ɗauka. A ranakun 7 da 8 ga Janairun 1966, lokacin guguwar Denise, an auna milimita 1,825 cikin sa'o'i 24 a wani wuri da ake kira Foc-Foc, kuma har yau ba a taɓa auna ruwan yini ɗaya da ya kai wannan ba a ko'ina a duniya. A Janairun 1980 guguwar Hyacinthe ta yi ta kai da kawowa a kusa da tsibirin, ta zubar da fiye da milimita 6,000 cikin kwana 15 a ramin Commerson, wani bakin aman wuta da ke tuddan Piton de la Fournaise. A Fabrairun 2007 guguwar Gamède ta sauke milimita 3,929 cikin kwana 3 a wannan ramin dai, kogin Saint-Étienne ya cika ya batse, ya karya gadar da ke kansa, zirga-zirgar kudancin tsibirin ta rikice. Ba lallai ne idon guguwar, wato tsakiyarta, ya bi ta kan tsibirin ba kafin a yi ɓarna, domin wadda ta tsaya a gefe tana tafiyar hawainiya ita ce takan fi zubar da ruwa.

Irin wannan ruwa, idan ya sauka a kan gangare mai tsayi da dutse mai tsagogi, aikinsa sassaƙa ne. Tsohon dutsen Piton des Neiges ruwa da ruftawar ƙasa sun rarake shi, suka bar manyan kwaruruka uku masu siffar da'ira a kewayensa, wato Salazie da Cilaos da Mafate, kowanne da ganuwa mai tsayin ɗaruruwan mitoci da ƙuntatacciyar mafita guda wadda kogi ke bi zuwa teku. Kogunan nan a lokacin sanyi za ka ga kwarinsu cike da manyan duwatsu mulmulallu, ɗan ruwa yana silalewa a tsakaninsu, amma cikin sa'o'i kaɗan na damina sai su koma laka mai ruri, suna mirgina duwatsun da suka kai girman mota. A 1875 wani ɓangaren ganuwa ya zaftaro a Salazie ya binne ƙauyen Grand Sable da mutane fiye da 60, kuma har yanzu akwai unguwanni a wannan kwari da ƙasar da ke ƙarƙashinsu take zamewa a hankali, tana tsaga bangayen gidaje.

Wahalar shiga kwarurukan ita ce ta mai da su mafaka. Babu mazauna a tsibirin kafin Faransawa su zauna a ƙarni na 17, su kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka, kuma waɗanda suka tsere daga gonaki can suka nufa, inda masu farautarsu ba sa isa da sauƙi, har aka soke bauta ranar 20 ga Disamban 1848. Mafate har gobe babu hanyar mota da ta shiga cikinsa. Mutanensa, waɗanda ba su kai dubu ba, da ƙafa suke shiga da fita, kayan masarufi kuma jirgi mai saukar ungulu ne yake kai musu. Cilaos yana da hanya, amma mai lanƙwasa kusan 400. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan ƙololuwa da kwaruruka da ganuwoyi cikin wuraren tarihi na duniya, yankin da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na tsibirin.

Tsayi ma yana raba yanayi kamar yadda gabas da yamma suka raba shi. A bakin teku zafi yakan kai digiri 30 a damina, a nan ne rake ya mamaye gonaki, a gabas mai laima kuma ake noman banila. Idan aka hau sama sai a shiga kurmin da gajimare ke lulluɓewa kusan kowace rana da hantsi, sannan filayen kiwon shanu masu sanyi, sannan gajerun tsirrai da tsandaurin dutse, inda raɓa ke daskarewa da asuba a watannin Yuli da Agusta. Dusar ƙanƙara takan sauka a ƙololuwa, amma sai an daɗe, kamar yadda aka gani a 2003.

Saboda tsakiyar tsibirin ta gagari gini, yawancin jama'a sun taru ne a siririn yankin bakin teku, kuma manyan ayyukan gwamnati a nan kusan duk ƙoƙari ne na daidaita abin da yanayi ya karkatar. An haƙa ramuka masu tsawon kimanin kilomita 30 a ƙarƙashin duwatsu domin a ɗebo ruwa daga kogunan Salazie da Mafate a kai busasshiyar yamma, inda gonaki da garuruwa ke ƙishinsa. Tsohuwar hanyar da ta haɗa Saint-Denis da tashar jiragen ruwa tana bi ne ta gindin wata doguwar ganuwa, duwatsu na faɗowa a kanta duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, igiyar teku kuma tana dukan ta ta ɗaya gefen, kuma an yi asarar rayuka a kanta. Maganin da aka zaɓa shi ne a janye hanyar daga ƙasa baki ɗaya, aka gina gada mai tsawon kilomita 5.4 a kan teku, nesa da ganuwar, aka buɗe ta ga motoci a 2022, yayin da ragowar ɓangaren hanyar yake jiran a kammala shi.